Daga Darar Zango Zuwa Teburin Poka: Tarihin Dabarar da Aka Ce Ta Ƙare

Babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta miƙa arewa ita ce ta ɗinke ƙasar Togo daga bakin teku har iyakar Burkina Faso. Mai mota zai yi kimanin kilomita 340 kafin ya shiga Sokode, garin Kotokoli. Daga nan ya haye duwatsun Alejo, ya wuce Bafilo da Kara da Mango, ya sauka Dapaong, ƙasar Moba da Gurmawa, bayan ya ci sama da kilomita 600. Babu garin da zai tsaya a cikinsu bai ji Hausa ba: ga mahauta, ga dillalan shanu, ga masu albasa, ga direbobin manyan motoci masu kwasar kaya daga tashar jiragen ruwan Lome zuwa Yamai da Maraɗi. Duk inda jira ya yi tsawo kuwa, wasa yakan samu wurin zama. Wasu na dara a ƙasa, wasu dam a kan allo, wasu karta a kan benci, samari kuma sun duƙufa a kan waya.

A can wata duniya, tsakanin masu wasan kartar da ake kira poka, an daɗe ana wata gardama. Tun da kwamfuta ta kayar da gwanayen wasan, shin akwai sauran abin da za a gano a dabararsa, ko an kai bango? Poka ba wasanmu ba ne, caca ce kuma, hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne. Sai dai tambayar ta fi teburin caca faɗi, domin ta shafi duk wata fafatawa da ake yi da wanda ba ka san abin da ya ɓoye ba. Mutanen zango sun daɗe a wannan makaranta, ko da ba su taɓa riƙe karta ba.

Wasa iri biyu a zango

Tun kafin Turawa su shata iyakar Togo, ayarin fatake ke ratsa wannan ƙasa. Goro daga dazukan Asante yake fitowa, kasuwarsa Salaga a ƙasar Gwanja, masu cinsa kuwa suna Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Wata hanya takan bi ta Busa da Nikki da Jugu ta faɗo ƙasar Kotokoli, wata kuma ta ratsa Gurma ta sauko Sansanne-Mango a bakin kogin Oti, ta zarce Yendi. A inda Sokode take a yau, unguwar Didawure ce masaukin baƙi Musulmi, Wangarawa da Hausawa da sauransu, a ƙarƙashin sarakunan Cawujo. Ayari na da madugu da jagaba da uban dawaki. Yakan tafi da kanwa da fatu da tufafin Kano, ya komo da huhunan goro, tafiya da dawowa kuma sai ta lashe watanni.

Wanda ya yada zango yana jiran madugu ya daidaita da sarkin gari kan kuɗin wucewa ba ya rasa lokacin wasa, dara kuwa ba ta neman komai sai ƙasa. A haƙa gidaje talatin, layi biyar na shida-shida. Wannan ya ɗauki tsinkaye goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu, a yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an jera uku ba. In an gama dasa sai a fara tafiya, gida ɗaya kowane motsi, gaba ko baya ko gefe. Duk wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Gwani shi ne mai gina wurin da ɗa ɗaya zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, kowane motsi da ci. Abin lura shi ne babu abin da ke ɓoye. Abin da ka gani shi abokinka ya gani, shi 'yan kallo suka gani, shi ya sa ma bakinsu ba ya shiru. In dara ta ci gida, laifin idon mai ita ne.

Ɗaya wasan kuwa shi ne wanda ya kawo fataken tun farko, wato ciniki, kuma har gobe ana buga shi a kasuwannin shanun arewacin Togo. Mai saniya ya san abin da bai faɗa ba: ko ta yi ciwo a hanya, ko bashi ne ya koro shi kasuwa, ko kuwa zai iya komawa da abarsa gida hankali kwance. Mai saye ma shi kaɗai ya san nauyin aljihunsa. Ya taya, a ce albarka. Ya ɗan ƙara, a sake cewa albarka. Sai ya kaɗe riga ya juya. Tafiyar nan ta gaske ce ko burga, mai saniya bai sani ba, ga shi dole ya yanke shawara kafin mutumin ya ɓace cikin taro: ya kira shi ya sallama, ko ya ƙyale shi. Dillali na tsaye a tsakani, la'adarsa na nan ko wa ya ci riba. Poka 'yar wannan gida ce, ba ta da dangantaka da dara sai ta suna wasa.

Caca ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da kuɗin wuri ake yin ta a da, a watsa a ƙirga waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe. Malamai ba su taɓa sassauta mata ba, tun da an hana ta a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan zango kuwa har shaɗaranji ta hana.

Ƙarshen ƙarni na 19 ne ya birkita hanyar goro. Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, har malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi. Jamusawa, waɗanda suka kafa tuta a bakin tekun Togo a 1884, sun iso Sokode da Mango a ƙarshen shekarun 1890. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga 1912 kuma jirgin ƙasa ya riƙa kai shi Kano. Bayan 1914 Faransawa suka gaji mafi yawan ƙasar. Tare da soja da akawu da ɗan makaranta wasannin Turai suka bazu: belot da dam mai gida ɗari a ɓangaren Faransa, whot a ɓangaren Ingila. Bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Togo ta kafa hukumar cacarta, LONATO, wadda rumfunanta suka kai har garuruwan arewa.

Doguwar tafiyar karta

Kartar da ake rabawa a kan benci a Dapaong ta zaga duniya kafin ta iso. Daga Misra ta zamanin Mamluk ta shiga Turai a shekarun 1370. Kartar Mamluk guda 52 ce, gida huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan ƙwallon doki, kuma har yau akwai ragowarta a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul. Faransawa ne suka sauƙaƙa zanen zuwa ja da baƙin da muka sani.

Poka kanta a New Orleans ta bayyana a farkon ƙarni na 19, garin da Faransawa suka kafa, Amurka ta saye shi a 1803. Da karta 20 aka fara, mutum huɗu, kowa biyar. Jiragen ruwan kogin Mississippi suka yaɗa ta, tare da 'yan damfarar da Jonathan Green ya tona asirinsu a littafinsa na 1843. Daga baya aka koma karta 52, wasan ya yi rassa. Reshen da ya mamaye duniya a yau shi ne Texas hold'em. Ana ba kowa karta biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya daki-daki: uku, sai ɗaya, sai ɗaya. Sau huɗu ake zagayen zubi, a kowane zagaye kuma, in wani ya zuba, mutum na da zaɓi uku: ya biya abin da aka zuba, ya ƙara a kai, ko ya ajiye kartarsa ya haƙura da abin da ya riga ya sa. Ana iya cin tarin kuɗin ta hanya biyu: ko hannunka ya fi na kowa in an buɗe, ko ka sa kowa ya ajiye kafin a buɗe. Daga wannan hanya ta biyu burga ta samo gindin zama.

Masu lissafi sun sa baki

Shekara ɗari ana ɗaukar burga a matsayin halin mutum, ƙarfin zuciya da bushewar ido. Cikin waɗanda suka fara nuna cewa lissafi ce akwai John von Neumann, haifaffen Budapest. A 1928 ya tabbatar da cewa a duk wasan mutum biyu da cin ɗaya yake faɗuwar ɗaya, akwai tsarin wasan da zai kare mutum ko da abokin karawarsa ya san tsarin. A 1944 shi da Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa ilimin nazarin wasanni, suka keɓe wa poka sashe guda. Abin da suka gano ya saɓa wa tunanin mutane: ka zuba da hannu mafi kyau, ka yi burga da hannu mafi muni, matsakaici kuwa ka lallaɓa da shi. Dalili a fili yake. Mummunan hannu ba shi da wata hanyar ci sai burga, matsakaici kuwa yana iya ci in an buɗe, don haka asara ce a jefa shi cikin haɗari.

Ga yadda lissafin yake a zagayen ƙarshe. A ce sefa 1,000 ke tsakiya, Audu ya zuba wata 1,000. Garba na riƙe da matsakaicin hannu, wanda zai ci burga amma ba zai ci hannun gaske ba. In ya biya, ya sa 1,000 a haɗari don ya kwashi 2,000. Ke nan in ya kama burga sau ɗaya cikin uku, ya mayar da kuɗinsa. To, in Audu ya tsara wasansa ta yadda duk zubi uku, biyu na gaske ne ɗaya burga, Garba ya rasa madafa: ko ya biya ko ya ajiye, a ƙarshen lissafi duk ɗaya ne. Shi ma Garba in ya riƙa biya sau ɗaya cikin biyu, Audu ba zai ƙaru da yawaita burga ba, ba zai ƙaru da rage ta ba. Kowa ya toshe ɓarakarsa. Irin wannan matsaya, inda babu wanda zai amfana in shi kaɗai ya sauya salo, ita John Nash ya faɗaɗa a 1950 ta shafi wasan mutane da yawa, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1994.

Sai dai poka ta takarda ce suka warware, wadda aka rage wa gaɓoɓi. Ta gaske ta fi ƙarfin alƙalami. Karta biyun farko kaɗai na iya zuwa ta fuska 1,326, kafin a buɗe ko ɗaya a tsakiya. Saboda haka 'yan wasa suka ci gaba da harkarsu ba su ko waiwayi jami'a ba.

Zamanin gwanaye

A 1970 Benny Binion ya tara mashahuran 'yan caca a gidansa na Horseshoe a Las Vegas, suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi Johnny Moss gwarzo. Daga nan gasar duniya ta poka ta samo asali. Mutanen wancan zamani a hanya suka koyi wasa, garin nan yau, wancan gobe, iliminsu kuma sirri ne da ba a faɗa wa kowa. Doyle Brunson, wanda ya ci gasar a 1976 da 1977, shi ya fasa ƙwai da littafinsa Super/System a ƙarshen shekarun 1970. Darasinsa shi ne matsa lamba: mai zubi na da hanyar ci biyu, mai biya na da ɗaya. Bayansa David Sklansky ya koya wa mutane auna kuɗin da ke tsakiya da yiwuwar ci. Kowane littafi ya fito sai a ce an gama, ba sauran sirri.

A 2003 wani akawu daga Tennessee, Chris Moneymaker, ya samu kujera a gasar ta hanyar wani ƙaramin wasa a intanet, ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Duniya ta ruɗe. A 2006 mutum 8,773 ne suka shiga gasar. Intanet ta haifi sabon iri na 'yan wasa, samari masu buɗe tebur goma a fuskar kwamfuta ɗaya, waɗanda a 'yan shekaru suka ga hannayen da dattawan Las Vegas ba su gani ba a tsawon rayuwarsu. Ba su ganin fuskar kowa, don haka suka bar karatun ido da rawar hannu, suka koma ƙididdiga: sau nawa wane yake ƙari, sau nawa yake ajiyewa in an matsa masa. Sun daina tambayar wace karta ce a hannun mutum, suka koma tambayar waɗanne hannaye ne duka zai iya wannan motsi da su. Littafin Bill Chen da Jerrod Ankenman na 2006 kan lissafin poka shi ya sada wannan zamani da aikin von Neumann.

Na'ura ta fara da wasannin fili

Masu kwamfuta da wasannin da ba su da ɓoye suka fara, domin a nan ƙirga kaɗai ake bukata. Deep Blue ta doke Garry Kasparov a shaɗaranji a 1997. A 2002 abin ya iso gida. Darar nan mai gida goma sha biyu da 'ya'ya 48, wadda Yarbawa ke kira ayo, mutanen Gana oware, masu Faransanci awale, ita John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam suka bi diddiginta kaf. Sun ƙirga yanayi sama da biliyan 889 cikin awa 51, suka gano cewa in kowa ya yi wasa ba kuskure, canjaras ake tashi. A 2007 Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada, bayan aikin da ya faro tun 1989, ya nuna cewa dam mai gida 64 ma haka take, canjaras.

Abu biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, ƙa'idojin da Romein da Bal suka bi nau'i ɗaya ne cikin nau'o'in wasan, kuma kowa ya san yadda dokar dara ke sauyawa daga gari zuwa gari. A taɓa doka ɗaya, lissafin ya koma sabo. Na biyu, babu wanda ya fasa wasa a gindin bishiya don an warware shi a Amsterdam, tun da ba kan da zai ɗauki biliyan 889. Dam mai gida ɗari kuwa, irin wadda ake bugawa a Sokode da Dapaong, wadda Baba Sy na Senegal ya gagari Turawa a cikinta a shekarun 1960, har yanzu ba a kai ƙarshenta ba, ko da yake na'ura ta fi mutum iya ta.

Ranar da poka ta faɗi

Poka ta ɗauki lokaci saboda ɓoyen da ke cikinta. A dara kowane yanayi na da motsi mafi kyau. A poka kuwa kyawun motsi ya dogara ga abin da abokin karawa yake zaton kana yi da sauran hannayen da ba ka riƙe ba. Mabuɗin ya fito daga Alberta a 2007: a bar na'ura ta yi ta wasa da kanta, bayan kowane hannu ta auna nadamar abin da ba ta yi ba, ta ƙara karkata ga abin da ta fi nadamar bari. In aka maimaita haka sau biliyoyi, sai wasanta ya doshi matsayar Nash.

A Janairun 2015 Michael Bowling da abokan aikinsa suka sanar a mujallar Science cewa manhajarsu Cepheus ta warware hold'em ta mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. Ko mutum zai yi shekara 70 yana wasa da ita awa 12 kullum, ba zai iya tabbatar da cewa tana da ɓaraka ba. Ta gaskata wasu abubuwan da gwanaye suka daɗe suna faɗa, kamar fifikon mai rabon karta, wanda shi ke motsi a ƙarshe bayan zagayen farko. Ta kuma ƙaryata wasu, domin tana shiga wasa da tarkacen hannayen da gwanaye da yawa ke zubarwa.

Saura mai zubi marar iyaka, inda mutum zai iya tura duk abin da ke gabansa. A Janairun 2017, a wani gidan caca a Pittsburgh, Libratus ta Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon ta kara da gwanaye huɗu, kwana 20, hannu 120,000. Ta tashi da rinjayen sama da dala miliyan 1.7 na kuɗin wasa. Da dare gwanayen kan haɗu su nemo inda take da rauni, ita ma a daren take toshe ramukan da suka taɓa. A 2019 Pluribus, aikin Carnegie Mellon da Facebook, ta doke gwanaye a teburin mutum shida, kuma kwana takwas kacal aka yi ana horar da ita.

Abin da ya biyo baya shi ne juyin da wasan bai taɓa gani ba. Manhajoji irin PioSolver, wadda ta fito a 2015, sun sa kowa na iya zama a ɗakinsa ya tambayi na'ura yadda ake buga kowane hannu. Aka ga tana zuba ɗan mitsitsin kuɗi a inda mutane ke zuba rabin tari, tana zuba ninkin tari biyu ko uku a inda ba wanda ya taɓa kuskura. Wani salon da aka daɗe ana yi wa dariya a matsayin alamar ɗan koyo, wato ka riga wanda ya yi ƙari a zagayen baya zubi, sai ga Pluribus na yin sa fiye da gwanaye. Ilimin shekara arba'in ya sha gyara cikin shekara biyar. Wannan ne ya sa wasu suka ce an zo ƙarshe: amsa na cikin na'ura, saura hadda.

Inda fili ya rage

Masu wannan magana sun manta da abubuwa uku. Na farko, alƙawarin von Neumann na mutum biyu ne. Da zarar an zama uku, bin matsayar Nash ba ya lamunce wa kowa komai, domin kuskuren wani na iya azurta na kusa da shi ya tsiyata ka, ko da ba su haɗa baki ba. Masu Pluribus da kansu ba su ce sun warware wasan mutum shida ba, cewa suka yi ta fi mutane iyawa. Mafi yawan poka kuwa a teburin mutum shida zuwa tara ake yin ta, ga kuma gasa, inda darajar kuɗin wasa ke sauyawa gwargwadon yawan waɗanda suka rage.

Na biyu, dabarar da ba a cin ta daban, dabarar da ta fi ci daban. Mu koma ga Audu da Garba. In Audu mutum ne da bai taɓa burga ba, Garban da ya nace wa biya sau ɗaya cikin biyu don haka littafi ya ce, kyauta yake rabawa. Kamata ya yi ya ajiye duk lokacin da Audu ya zuba. In kuma Garba matsoraci ne mai ajiyewa da an daka masa tsawa, Audu ya yi ta burga ba ƙaƙƙautawa. Amma duk wanda ya karkace don ya ci wani, ya buɗe nasa gefen, in aka gano shi kuma sai a juya masa. Wannan kai da komo ba shi da ranar ƙarewa, kuma shi ne ainihin abin da tsohon dillali ya fi yaro sani. Na'urar ma ba ta tsira ba. A wasan Go na mutanen Sin da Japan da Koriya, AlphaGo ta doke Lee Sedol ci huɗu da ɗaya a 2016, aka ce mutum ya gama yawo. A 2023 wani ɗan wasa da ba ƙwararre ba, Kellin Pelrine, ya yi ta lallasa ɗaya daga manyan manhajojin wasan da wata dabarar kewaye da kowane gwanin mutum zai hango tun daga nesa.

Na uku, in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Da hold'em ta cika da masu hadda, manyan 'yan wasa suka karkata ga Omaha mai karta huɗu a hannu, da wani nau'i da ya taso a Asiya wanda aka cire ƙananan kartoci aka bar 36. Kowane sauyi na mayar da gwani ɗalibi. Fataken goro sun ga irin wannan: ranar da jirgin ƙasa ya isa Kano, sanin mashigai da sarakunan hanyar Jugu ya rage daraja, waɗanda suka tsira su ne suka koyi sabuwar hanya.

Wa ke ci a ƙarshe

Akwai wani lissafin da masu gardamar ba su cika kawowa ba. Gidan caca na cire kasonsa daga kusan kowane tari, ko wa ya ci. A zamanin Brunson tazarar da ke tsakanin gwani da ɗan koyo ta isa ta biya wannan kaso har a samu rara mai yawa. Yau da littafi da manhaja suka shiga hannun kowa, tazarar sai ƙara tsukewa take. In mutum biyu suka kai matsayar da von Neumann ya hango, babu mai cin wani, sai kuɗinsu ya riƙa zurarewa aljihun mai gida hannu bayan hannu. Wato iyakar kyawun dabarar poka shi ne wurin da ɗan wasa ba ya samun komai. A intanet abin ya fi muni, domin ba ka san ko da mutum kake karawa ko da na'urar da ke raɗa masa amsa ba, manyan gidajen poka kuma sun sha rufe asusun waɗanda aka kama da haka. Saurayin da ke zaune a tasha a Dapaong da 'yan kuɗinsa a waya, yana ganin zai koyi dabara ya ci duniya, ya makara da shekara ashirin.

Ilimin da aka haƙo daga teburin kuwa ya yi gaba abinsa. Da nazarin wasanni ake tsara gwanjon mitocin wayar salula, aikin da ya ba Paul Milgrom da Robert Wilson kyautar Nobel a 2020, da shi ake nazarin sintirin tsaro da cinikin da kowane ɓangare ke ɓoye farashinsa na gaskiya. Amsar tambayar ke nan kashi biyu. Ta fuskar sani, dabara na da sauran tafiya mai nisa, kuma ɗalibin lissafi a Jami'ar Kara zai samu aikin shekaru a matsalar 'yan wasa uku kaɗai. Ta fuskar aljihu kuwa ƙofa ta kusa rufewa, kuma gwanintar 'yan wasan ce da kanta take rufe ta.